Neman kalma: bayanan da kamfani ke miƙa wa hukumar nukiliya ya roƙi kada a fitar

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aikin fassara. Akwai wata kalma da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na ga gara in kawo ta gabanku kafin in sa ta a rubutu, domin kalmar da ta riga ta shiga rediyo ko jarida takan zauna daram ko da ba ta dace ba.

Ina fassara wani bayani ne a kan hukumar da ke kula da harkar nukiliya a Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NRC. Ta fara aiki a 1975, kuma babu mai gina tashar lantarki ta nukiliya ko gudanar da ita a ƙasar sai da lasisinta. Kafin ta ba da lasisin, dole a buɗe mata komai: lissafin yadda ruwa ke kwashe zafi daga sandunan makamashi, haɗin ƙarfen zirkoniyom da ake yi wa sandunan riga da shi, manhajar kwamfuta da ake kwatanta haɗari da ita, da sakamakon gwaje-gwajen da kamfani ya kashe shekaru da dukiya kafin ya samu. Asalin ƙa'idar hukumar shi ne takardar da ta shigo hannunta ta jama'a ce, ana ɗora ta a rumbunta na intanet mai suna ADAMS, kowa ya karanta. Kamfani irin Westinghouse, mai fasalin tukunyar nukiliya (wato injin da ke samar da zafin da ake juyawa lantarki) mai suna AP1000, wadda aka gina guda biyu a tashar Vogtle ta jihar Jojiya, ya san abokan gasarsa ma suna leƙa wannan rumbu. Saboda haka sashe na 2.390 na ƙa'idojin hukumar ya ba shi damar neman a ɗauke wani ɓangare daga idon jama'a, kuma abin da ake ɗaukewar shi ne Turawa ke kira proprietary information. Wannan ce kalmar da nake nema wa Hausa.

Bari in faɗi yadda abin yake gudana, don mu san abin da za mu raɗa wa suna. Kamfani ba ya buga hatimi kawai ya ce a rufe. Sai wani jami'insa ya rubuta takardar rantsuwa, ya nuna wuraren da yake so a rufe tare da dalilinsa, kuma yawanci ana miƙa kwafi biyu, cikakke na ma'aikatan hukuma, da wani na jama'a wanda aka bar gurbin alkaluman a fili. Hukuma sai ta duba ko mai bayanin da kansa yana ɓoye shi, ko irinsa ne aka saba ɓoyewa, ko a asirce aka miƙo shi, ko ana samunsa a wani wurin da kowa ke iya zuwa, da kuma ko fitar da shi zai yi wa kamfanin babbar illa a kasuwa. Ko duk waɗannan sun tabbata magana ba ta ƙare ba, domin akwai awo na ƙarshe: haƙƙin jama'a na sanin dalilin hukuncin da za a yanke da abin da zai haifar, idan ya rinjayi asarar kamfani, ana iya fitar da bayanin. Da farko na rubuta “bayanan sirri”, na sake karantawa na goge. Me kuka gani?

Wata mai fassarar labarai a gidan rediyo, daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka goge. A ɗakin labarai “bayanan sirri” ya riga ya zama na jami'an leƙen asiri da sojoji, kuma duk mai sauraron da ya ji an haɗa shi da nukiliya, bam ne zai fara zuwa masa a rai. Ni “sirrin kasuwanci” zan ce, domin gajere ne, yana da sauƙin faɗa, kuma ba sai an tsaya yi wa kowa bayani ba.

Hajiya, na gode, kuma maganarki ta farko ta fi yadda kika faɗe ta nauyi. A dokar Amurka waɗannan abubuwa ne daban, kowanne da tanadinsa. Akwai sirrin ƙasa, wanda ya shafi ƙera makami, kuma dokar makamashin nukiliya ta 1954 ce ta tsare shi. Akwai bayanan tsaron tasha, wato tsarin masu gadi da yadda za a tari mai kai hari, waɗanda fitar da su laifi ne. Waɗannan biyu ana rufe su ne don kare rayukan mutane. Namu kuwa don kare jarin kamfani ake rufe shi, kuma idan muka kira su duka da suna ɗaya, mun ara wa kamfani rigar da ba tasa ba, har mai karatu ya ji nauyin tambaya a inda yake da cikakken haƙƙin tambaya. Abin da ya hana ni karɓar “sirrin kasuwanci” kai tsaye shi ne ya fi dacewa da ƙaramin yanki na abin, irin haɗin ƙarfen nan ko wani lissafi da kamfani ya gano. Amma a cikin abin da ake rufewa har da farashi, da sharuɗɗan kwangila, da bayanin kuɗin kamfani, waɗanda ba wata fasaha ba ce ta ɓoye.

Wani dattijo, tsohon magatakardan kotu, daga Zariya:

Yaro, ai Hausa tana da kalmar tun kafin a haifi nukiliya. Abin da ka miƙa wa wani ka ce ya riƙe maka kada ya nuna wa kowa, sunansa amana. Ka ce “bayanan amana”. Mu a kotu, takardar da aka kawo aka ce alƙali kaɗai zai gani, haka muke ɗaukarta.

Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwana biyu ina juya wannan kalma, domin ita ce ta fi kowace daɗi a kunnena, kuma akwai shari'ar da ta goyi bayanka sosai. Bayan haɗarin tashar Three Mile Island a jihar Fensilbaniya a watan Maris na 1979, kamfanonin nukiliya sun kafa wata cibiya tasu mai suna INPO, wadda ke bin tashoshi tana rubuta rahoton kurakuran da ta gani, kuma takan ba hukuma rahotannin bisa raɗin kanta, da sharaɗin ba za a fitar ba. Wata ƙungiyar masu fafutuka mai suna Critical Mass Energy Project ta nemi rahotannin ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai ta 1966, aka hana ta, aka tafi kotu. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washinton ta yanke cewa bayanin da aka bayar ba tare da tilas ba, idan irin wanda mai shi bai saba fitarwa ba ne, ana iya riƙe shi. Hujjar a bayyane take: idan hukuma ta riƙa fallasa abin da aka kawo mata da hannu biyu, gobe ba wanda zai sake kawowa, kuma ita ce za ta zauna a duhu. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara faɗaɗa ƙofar a shari'ar jaridar Argus Leader, wadda ma ba ta nukiliya ba ce, ta cinikin shagunan abinci ce, inda ta yi watsi da sharaɗin sai an nuna babbar illa a kasuwa, wanda kotuna suka bi tun 1974. Wannan duka ruhin amana ne, ban musa ba.

Amma ga inda na ji tsoronta. Amana a wurinmu ba ta da sai dai. Wanda aka ba ajiya ba shi da ikon auna ta da wata maslaha ya ce yau ya ga dama ya buɗe, kuma in ya buɗe sunansa maci amana, sunan da ba ya wankuwa. Idan muka ce “bayanan amana”, ranar da hukuma ta ga lafiyar mutanen da ke zaune kusa da tasha ta rinjayi ribar kamfani ta fitar da takarda, mai karatun Hausa zai ɗauka ta yi abin kunya, alhali aikinta ta yi. Kuma ni a ganina amanar da ke wuyan irin wannan hukuma ta jama'a ce tun farko, su ne aka kafa ta dominsu. Ba na son kalmar da za ta juyar da amanar ta koma ta kamfani. Ga kuma wani abu: ko an rufe takarda, wanda abin ya shafa kai tsaye a zaman sauraron ƙorafi kan lasisi yana iya ganinta bayan ya sa hannu cewa ba zai yaɗa ba. Ajiyar da abokin shari'arka zai iya dubawa da izinin alƙali ta sha bamban da amanar da muka sani a gida.

Wani malamin makaranta, daga Damagaram:

Malam, mu nan da Faransanci muke cin karo da ita, secret des affaires, kuma da yake ƙasar yuraniyom ce, tun daga Arlit, maganar abin da kamfani ya ɓoye da abin da ya bayyana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Na sha jin ana cewa “asirin sana'a”. Marina da dukawa da maƙera duk suna da shi, uba ya faɗa wa ɗa, ba a faɗa wa bare.

Malam, wannan misali ya taimake ni ƙwarai. Mai rini a Ƙofar Mata ya san yawan baba da tokar da zai zuba da kwanakin da zai bar su su nuna, mai kilishi ya san haɗin yajinsa, kuma babu mai ganin laifinsu don sun ƙi faɗa. Idan mai haɗa wani abin sha ya je neman rajista a NAFDAC, zai faɗa wa hukuma abin da ya zuba, yana sa ran ba za a kai wa maƙwabcinsa ba, amma da za a sami guba a ciki, ba wanda zai ce a yi shiru don kare cinikinsa. Wannan shi ne ainihin lamarin, kuma kowane Bahaushe zai gane shi. Sai dai “asiri” tana da kaya biyu da ba na so ta shigo da su. Na farko sihiri, kuma harkar nukiliya ta riga ta yi wa mutane kama da tsafi, bai kamata mu ƙara mata ba. Na biyu “rufin asiri” da “tonon asiri”, waɗanda ke nuna akwai abin kunya a ƙasa. Zan ɗauki rabin shawararka in haɗa da rabin ta Hajiya: “sirrin sana'a” ga wannan ƙaramin yanki na fasahar da kamfani ya gano da kansa.

Ga babban rukunin kuwa, abin da zuciyata ta kwanta a kai shi ne “keɓaɓɓun bayanan kasuwanci”. Dalilina yana cikin aikatau ɗin. Sirri halin abu ne, amma keɓewa aiki ne da wani yake yi, a wani lokaci, bisa wani dalili, kuma abin da aka keɓe yana nan, an dai ware shi gefe, ana iya dawo da shi cikin jama'a. Haka tsarin yake: kamfani yana roƙo, hukuma ce ke keɓewa, idan ta ƙi kuma takan bayyana dalilinta ta sa ranar da za ta fitar da takardar. Kalmar tana kuma haihuwa ba tare da wahala ba. Muna da “neman keɓewa”, da “takardar rantsuwar neman keɓewa”, da “an ƙi keɓewa”, da “an janye keɓewa”, sannan “cikakken kwafi” da “kwafin jama'a”. Na san wasu suna amfani da “keɓaɓɓun bayanai” ga bayanan mutum na kansa, irin lambar waya da tarihin lafiya, shi ya sa ba zan yarda a yar da “kasuwanci” don neman gajarta ba.

Mai fassarar labarai, daga Kaduna:

Na karɓa, Malam, amma ka sani tana da tsawo a bakin mai karanta labarai. Zan faɗe ta cikakkiya a karon farko, daga nan in ce “bayanan da aka keɓe”. Tambayata ita ce ko za mu taɓa buƙatarta a labarin gida.

Za mu buƙace ta, Hajiya, kuma ba da nisa ba. Nijeriya tana da tata hukumar, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ce ke kula da ƙaramar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka kunna a 2004 aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa a 2018. Dokar 'yancin samun bayanai ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 15, ta hana hukumomi fitar da sirrin sana'a da bayanan kasuwanci ko na kuɗi da wani ya miƙa musu, amma a wannan sashen ta ce a fitar idan maslahar jama'a ta fuskar lafiya, ko tsira daga haɗari, ko kare muhalli ta rinjayi asarar mai bayanin a fili. Duk ranar da maganar gina tashar lantarki ta nukiliya ta kankama, kamfanin waje ne zai kawo fasalin, zai kuma nemi a rufe masa wasu shafuka, kuma mutanen garin da za a gina ta za su tambaye mu, da Hausa, me aka rufe kuma wa ya ba da izini. Ga jimlar kamar yadda na sa ta a fassarar, duk mai gyara ya gyara kafin jibi da zan miƙa: “Kamfanin ya nemi hukuma ta ɗauki shafukan a matsayin keɓaɓɓun bayanan kasuwanci, ya haɗa da takardar rantsuwa da kwafin jama'a, kuma hukumar ce za ta yanke ko a keɓe su ko a fitar.”

Dattijon, daga Zariya:

Na ji hujjarka, yaro, na bar maka amana. Gyara ɗaya gare ni: a ce “za ta yanke hukunci”, domin “za ta yanke” kaɗai a takardar doka tana barin mai karatu yana jiran abin da za a yanke.