Neman shawara kan sayen ƙaramin samfurin motar ƙugiya na ƙarfe

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar ƙugiya, wadda muke kira kiren, kafin ciwon baya ya sauke ni daga kanta, kuma har yau idan na ga ana kafa ƙafafunta a bakin aiki sai na tsaya na kalla. Na daɗe ina son in ajiye ƙaramin samfurinta na ƙarfe a ɗakina, irin wanda hannunsa ke miƙewa, ƙugiyarsa kuma ke sauka da igiya. Yanzu wani ƙanina da ke zaune a Jamus ya samo mini guda biyu, dukansu a sikelin 1:50. Na farko shi ne samfurin kiren ɗin Liebherr LTM 11200-9.1 wanda kamfanin NZG mai ƙera samfura ya yi, na hannu ne, ba shi da kwalinsa, kuma mai sayarwa ya ce wasu ƙananan sassa sun ɓace. Na biyu shi ne LTM 1090-4.2 na kamfanin WSI, sabo a cikin kwali. Zuciyata tana wajen babban, amma ina tsoron kada ya iso a karye, sannan ina zaune a Kano inda ƙurar hunturu ba ta barin komai. Wanne kuke ganin ya dace da wanda bai taɓa ajiye irin wannan ba?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kafin ka yanke hukunci, ka ɗauki tef ka auna inda za ka ajiye shi, domin sikelin 1:50 yana nufin kowace mita 50 ta ainihin motar ta koma mita ɗaya. Hannun LTM 11200-9.1 yana kai mita 100 idan an zare shi duka, saboda haka samfurin zai kai mita biyu, wato ya fi yawancin mutane tsawo, kuma sai an buɗe ƙafafunsa huɗu sosai kafin ya tsaya da ƙarfi. Shi kuwa LTM 1090-4.2 hannunsa mita 60 ne, samfurinsa ba zai wuce mita 1.2 ba, kuma idan ka kwantar da hannun zai shiga kabad na gilashi cikin sauƙi. Lambobin ma suna gaya maka girman abin: 1090-4 na nufin motar tana ɗaga tan 90 kuma tana da aksil huɗu, wato jerin tayoyi huɗu, 11200-9 kuma tana ɗaga tan 1,200 da aksil tara. Ni dai ina ganin ka fara da ƙaramin.

Amsa ta biyu: Ranka ya daɗe, ni ma ƙaramin zan ba ka shawara, amma dalilina shi ne maganar kwalin, wadda mutane da yawa suke rainawa. Waɗannan samfura ana zuba su ne da haɗin tutiya da ɗan alminiyam, abin da ake kira zamak, suna da nauyi ƙwarai, kuma ƙarfen ba ya yarda da lanƙwasa, karyewa yake yi. Kwalin asali yana da soso da aka sassaƙa daidai da siffar motar, kowane tubalin nauyi, wato waɗanda ake ɗora wa motar a baya don kada ta kife, da gurbinsa, kowace ƙugiya da nata. Idan babu shi, nauyin motar da kansa ne zai riƙa dukan madubai da matakala da 'yan ƙarafan kariya a duk tsawon tafiya. Na taɓa karɓar wata mai aksil biyar da aka naɗe mini cikin tufafi a akwati. Da na buɗe sai na tarar ƙafa ɗaya ta cire daga gindinta, madubin gefen direba kuma na tsince shi a cikin aljihun riga. Gam ya riƙe madubin, amma ƙafar har yau ba ta ɗaukar nauyi, don haka ban sake ɗaga hannun motar ba.

Sai kuma batun sassan da suka ɓace. Ka sa ƙaninka ya tambayi mai sayarwa takamaimai mene ne babu. Idan 'yan faranti ne da ake sa wa a ƙarƙashin ƙafafu, ana iya haƙuri. Idan kuwa fil-fil ɗin da ke haɗa hannu da jiki ne, ko makullin juya winci mai naɗe igiya, ko tubalan nauyi, to motar ba za ta haɗu yadda ya kamata ba, kuma samun su ɗai-ɗai yana da wuya.

Amsa ta uku: Ni ban yarda a yi saurin watsi da babban ba. Motar nan da kamfanin Liebherr ya ƙera a garin Ehingen na Jamus ta yi suna tun da aka nuna ta a bauma, baje kolin injinan gini na birnin Munik, a 2007, kuma mutumin da ya yi shekaru a kan kiren shi ne zai fi kowa jin daɗin haɗa ta, tun daga ɗora hannu har zuwa zira igiya. Idan farashin ya sauka sosai kuma aka aiko maka da hotuna na kusa daga kowane gefe, ana iya warware ta gunduwa-gunduwa a naɗe kowane sashe shi kaɗai. Abin da zan ce ka duba da kyau shi ne silindar da ke ɗaga hannu: a samfurin da aka riga aka yi amfani da shi sau da yawa ta riga ta yi sanyi, sai ka ɗaga hannun da dare ka wayi gari ya sunkuyo.

Amsa ta huɗu: Baba, zan taɓo maganar ƙura, tunda ni ma a Arewa nake. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin sassan hannu da ke zamewa cikin juna, kuma duk lokacin da ka zare su sai ta kankare fenti kamar yashi. Ka ajiye motar a kabad mai rufewa, ka liƙa siririn soso a bakin ƙofarsa. Wajen sharewa ka yi amfani da burushi mai laushi irin na kwalliya, kada ka sa tsumma domin yana kama madubi ya fizge shi, kuma kada ka shafa mai ko kaɗan, shi ne ke tara ƙura. Ka nisanta ta da taga, saboda rana tana kashe launin rawayan, zafi kuma yana busar da robar tayoyi. Ni nakan sauke ƙafafun har tayoyin su ɗan bar ƙasa, kamar yadda ake yi a bakin aiki, don kada su lotse. Igiyar kuma ka bar mata ɗan nauyi a ƙugiya koyaushe, in ba haka ba za ta sauka daga 'yan tayoyin da take zagayawa, kuma mayar da ita aikin hantsaki ne da haƙuri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na auna ɗakin, kuma inda nake son ajiye ta fanka ce a sama, hannu mai mita biyu ba zai tsira ba. Ƙanina ya kuma tabbatar mini cewa tubalan nauyi biyu da makullin winci suna cikin abin da ya ɓace. Na ce masa ya sayi mai aksil huɗun, ya riƙo ta a jakar hannu cikin kwalinta idan zai zo hutu, ni kuma gobe zan je wajen mai gilashi a yanka mini kabad.