Baikon masu bi a Iritiriya: ta wace hanya zai kai gare su?

Sakataren Kwamiti:
Salama, 'yan'uwa. Kwamitin bishara na majami'armu ya ware baikon wata guda domin masu bi da ke shan tsanani a Iritiriya. Wasu na cewa a tura mai bishara, wasu na cewa a aika kuɗin ga wani fasto da ya rubuto ta Facebook. Wanne ya fi?

Baba Dattijo:
Ɗana, duka biyun ku ajiye su. Tun watan Mayun 2002 gwamnatin Shugaba Isaias Afwerki ta rufe kowace ikilisiya in ba Otodoks, Katolika da Lutaran ba, sai kuma Musulunci na Sunni. Waɗanda aka amince da su ma ba su tsira ba: an tsige Shugaban Otodoks, Abune Antonios, ya zauna a tsare a gida har ya rasu a 2022, kuma a 2019 aka ƙwace asibitocin Katolika. Baƙo ba ya fita daga Asmara, babban birnin ƙasar, sai da takardar izini. Mai bisharan da kuka tura, duk gidan da ya taka ya jawo wa mai gidan kamu. Shi a kore shi ya dawo, su kuwa a jefa su a kwantena, irin ta ƙarfe ta dakon kaya da aka mayar kurkuku.

Kuɗi ma haka. Dokar 73 ta 1995 ta sa wa ƙungiyoyin addini takunkumi kan tallafi daga waje, saboda haka kuɗin da ya faɗo a asusun fasto shaida ce a kansa. Ko ya shiga lafiya, tun canjin kuɗi na 2015 aka ƙayyade cirewa zuwa nakfa 5,000 (kuɗin ƙasar) a wata.

Mama Zumunta:
Baba ya faɗi gaskiya. Batun faston Facebook kuwa, intanet a ƙasar sai a shagunan kafe, ga rashin ƙarfi, ga sa ido. Wanda ke turo hotuna kullum yana neman kuɗi daga "cikin Asmara", a yi hattara da shi. Ku nemi sunan ikilisiyar 'yan Iritiriya da ke waje wadda ta san shi, ku tuntuɓe ta da kanku, ba ta lambar da ya ba ku ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyalan. Ana tsare mutane ba shari'a, ba ranar fita. Fasto Haile Naizghe da Dakta Kiflu Gebremeskel tun 2004 aka kama su. Matar da aka ɗauke wa miji, hayar gida da abincin yara ne damuwarta. Wanda aka sako daga kwantenar kurkukun Mai Serwa, bayan zafin ƙarfe da rana da sanyin dare, magani da abinci mai gina jiki yake buƙata kafin komai. Sau da yawa ma sai dangi sun ajiye takardar gida a matsayin beli. Don haka kaɗan-kaɗan kowane wata ya fi dunƙule sau ɗaya amfani.

Ɗan Mishan:
Malam Sakatare, ku bi ta ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin, irin su Open Doors ko Release International. Ku rubuta musu cewa baikon na Iritiriya ne kaɗai, ku tambayi kaso nawa ke tafiya a hidimar ofis, ku karɓi rasit. Ba za su ba ku suna ko hoton wanda ya amfana ba, kada ku matsa. Suna guda da aka karanta a sanarwar Lahadi, wani ya ɗora a WhatsApp, ya isa a bi sawun iyali gaba ɗaya.

In kuna son inda za a iya zuwa a gani da ido, ku duba 'yan gudun hijira a Addis Ababa ko Kampala. Sansanonin 'yan gudun hijira na Hitsats da Shimelba, a arewacin Habasha, sun rushe a yaƙin Tigray, gabashin Sudan kuma da wuyar shiga tun ɓarkewar yaƙi a 2023. Littafi Mai Tsarki da za ku saya musu, na Tigrinya za ku nema, ba na Amharik ba.