A gina tun farko, ko a bari sai an buƙata?

Sani: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kai dare a kan manhajar wani mai atamfa a Kantin Kwari. Yaran shago shida na shigar da ciniki, da la'asar ta yi sai komai ya tsaya cak, ga kwastoma tsaye da kuɗi a hannu. Da na leƙa, ashe duk danna "ajiye" sai an buɗe sabon haɗi zuwa rumbun bayanai, kuma ba a rufewa. PostgreSQL kuwa, wato rumbun da muke amfani da shi, in ba ka taɓa saitinsa ba, haɗi 100 kawai yake karɓa. Sai na haɗa su a ma'aji ɗaya tilo, tsarin da ake kira Singleton, ana gina shi da zarar manhaja ta tashi, kowa ya ara ya mayar. Ni dai ra'ayina ke nan: duk abin da za a yi tarayya a kansa, a gina shi tun farko.

Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam Sani, a kan saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, na yarda da kai, amma cire kalmar "duk". Ka zaga Farm Centre ka ga wayoyin da mutanenmu suka fi saya. Ka cusa komai a lokacin tashi, mutum zai danna ya zauna yana kallon farin allo, ya goge manhajar. Ai shi ya sa `object`, wato tilon Kotlin, harshen da ake rubuta manhajojin waya da shi, ba ya ginuwa sai an fara taɓa shi.

Sani: To amma in ginin ya jira, kuskuren ma jira yake yi. In kalmar sirrin rumbun ba daidai ba ce, gara manhaja ta ƙi tashi da safe ina gabanta, da ta faɗi tsakar ciniki ina Hotoro.

Injiniya Bashir: Sani na da gaskiya ta wani gefen da bai ma ambata ba. In ka ce sai an buƙata, ayyuka biyu na iya isowa lokaci guda, kowanne ya duba ya ga babu, kowanne ya gina nasa. Tilo ya zama tagwaye. Mu da muka fara da Java mun sha wannan wahala. Dabarar duba sau biyu ko an riga an gina, da kulle a tsakani, ba ta da tabbas sai da Java 5 ta fito a 2004, kuma dole ka sa `volatile`. C++ ma sai a 2011 ya ba da wannan tabbaci. Spring kuwa, kayan aikin gina manhaja na Java, in ba ka ce masa komai ba, tun tashi yake gina nasa.

Abdul: Ranka ya daɗe Injiniya, ni ba lokacin ginin ne ke damuna ba. Damuwata abin da kowane lungu na kod zai miƙa hannu ya ɗauko ba sallama. Ranar gwaji ka rasa yadda za ka sa na wucin gadi a madadinsa. Erich Gamma kansa, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka yaɗa tsarin tilo a littafinsu na 1994, ya ce a 2009 da za a sake littafin zai so a cire shi. A gina sau ɗaya, na yarda, amma a miƙa wa mai buƙata hannu da hannu.

Injiniya Bashir: Wannan ba na musu da kai, ɗana.

Hauwa: Malam Sani, tambaya ɗaya. Python ne ko? Ma'aikata nawa, wato kwafin manhajar da ke aiki lokaci guda, ka ba Gunicorn mai gudanar da ita a saba?

Sani: Huɗu.

Hauwa: To ai tilonka huɗu ne, kowane ma'aikaci da ƙwaƙwalwarsa daban. Haɗi nawa ka ware?

Sani: 30. Innalillahi, 120 ke nan, ya wuce 100. Kasuwa na buɗewa gobe za a iya komawa gidan jiya. Bari in kira Alhaji kafin ya rufe shago.