Ragowar Magunguna a Koguna Lokacin Fari: Abin da Muka Gani a Bakin Aiki

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa: 'Yan'uwa, ina neman jin ta bakin waɗanda suka yi aiki a bakin kogi a shekarar fari. A wurinmu, duk lokacin da kogi ya ja baya, adadin carbamazepine, maganin farfaɗiya, da metformin na masu ciwon sukari yakan hau a samfuran da muke ɗebowa ƙasa da inda matatar ruwan ƙazanta ke zuba nata, alhali jama'a ba su ƙara shan magani ba. Ruwan kogin da ke sirka maganin ne ya ragu. Waɗannan biyun, tare da kafeyin, su aka fi samu a binciken da Jami'ar York da ke Birtaniya ta jagoranta a 2022, wanda ya duba koguna 258 a ƙasashe 104, kuma a fiye da rubu'in wuraren da aka auna, aƙalla magani guda ya haura matakin da ake ɗauka ba shi da illa ga halittun ruwa.

Injiniyan matatar ruwan ƙazanta: Malama, abin da kika gani daga wajenmu yake fitowa. An gina irin matatarmu ne domin ta cire ƙazanta da ƙwayoyin cuta, kuma tana yin hakan yadda ya kamata, amma carbamazepine yana ratsa ta ya fita kusan yadda ya shigo. A tsananin fari na sha tsayawa a bakin bututunmu na ƙarshe in ga cewa ruwan da muke sakewa ya fi wanda ke gangarowa daga sama yawa, wato kogin ya kusa zama namu zalla, ga shi takardar izininmu ba ta ambaci magani ko ɗaya ba, don haka a hukumance ba mu da laifi. Gyaran sananne ne, a ƙara matakin tacewa da iskar ozon ko gawayi na musamman, kamar yadda Suwizalan ta wajabta wa manyan matatunta tun 2016. Tarayyar Turai ma ta amince da irin wannan doka a 2024, ta ɗora aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin a kan masu sarrafa magunguna da kayan kwalliya, kuma a ganina nan ne ya dace nauyin ya zauna.

Mai nazarin kifaye: Na feɗe kifaye maza daga irin wannan wuri na tarar da ƙwai a cikin marainansu. Sinadarin ethinylestradiol na ƙwayoyin tazarar haihuwa yana iya haddasa haka. A wani tafkin gwaji a Ontario ta Kanada, ɗan wannan sinadari da bai wuce nanogiram 6 a lita ba (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) ya kusa ƙarar da wani nau'in ƙananan kifi. Sai dai ina jan hankalinmu, a lokacin fari ruwa yana ɗumi, iskar oksijin tana raguwa, saboda haka ba kowace mutuwar kifi za a jingina wa magani ba.

Mai harhaɗa magunguna: Mutane kan faɗa mini cewa suna zuba ragowar magani a bahaya, ni kuma nakan ce su maido mana. Amma mafi yawan abin ta fitsari yake fita, sai kuma na masana'antu, kamar Patancheru kusa da Hyderabad a Indiya, inda wani binciken da aka wallafa a 2007 ya sami ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, har miligiram 31 a litar ruwan da ake sakewa, irin yanayin da ke sa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa: Injiniya, in zai yiwu ka ba mu adadin ruwan da kuke sakewa kowace rana, domin mu haɗa shi da ma'aunin kogi kafin mu sake ɗibar samfur.