Dan Allah meye wannan gasar kiwo ta yara da ake yi a Amurka?

Baban Ummi:
Salam jama'a. Ƙanwata da ke aure a jihar Ohayo ce ta turo min bidiyon ɗanta mai shekara 12, wai ya shiga wata ƙungiya 4-H, har sun saya masa ɗan rago yana kiwo zai kai shi gasa. Ni dai abin da na gani yaro ya tallabo haɓar rago yana zagaye fili da shi ba igiya ba komai, wani bature kuma yana ta shafa bayan ragon. Na tambaye ta tace ita ma bata gama ganewa ba. Wasa ne kawai ko da gaske akwai abin da suke koya? Don wlh dariya abin ya bani, yaron da ko kaza bai taɓa kamawa ba.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ba wasa bane, kuma ma a tushen abin yake, don a Ohayo ɗin wani malamin makaranta A. B. Graham ya fara tara yara kan harkar noma a 1902, daga irin waɗannan kulob ɗin 4-H ta fito. Akwai kuma FFA, ƙungiyar koyon noma ta 'yan sakandare da aka kafa a 1928, masu shuɗiyar jaket ɗin nan.

Wanda ka gani a bidiyo na nuna dabba ne, ana duba ragon ana kuma duba yadda yaron ya iya sarrafa shi. Amma ni wanda yafi burge ni shine na alƙalanci. Za a jero dabbobi 4 a ce yaro ya jera su daga na ɗaya zuwa na huɗu, to bayan ya gama sai ya je gaban alƙali ya tsaya ba takarda a hannunsa, cikin minti 2 ya faɗi dalilin da yasa ya ɗora wannan a kan wancan, faɗin baya ne ko cikar cinya ko tsayuwar ƙafa ko kitse ne yayi yawa, kuma wannan bayanin maki 50 ne daidai da makin jerin kansa, kaga kenan ko ka canka daidai in baka iya kare kanka ba an bar ka a baya. Akwai wani kuma da ake baza kaya a tebur, yaro ya gane irin abincin dabba, kayan aiki, sannan ya karanta takardar jikin kwalbar magani ya faɗi kwana nawa za a jira bayan allura kafin a yanka. Wannan na ƙarshen kam ko manyanmu nan basu damu da shi ba.

Na Kara:
Malam ka yi haƙuri amma duk wannan ai ba sabon abu bane. Shekarata 20 a kara, yaron da ya tashi a cikinta daga nesa zai ce maka wannan Balami ne wancan Uda ne wannan 'Yankasa, ya buɗe baki ya duba haƙori ya faɗa maka ko ya isa layya. Ba wanda ya bashi kofi.

Malamin Gona:
Gaskiya ne Alhaji, ido kam kuna da shi ba musu. Amma tambayi yaron naka dalili kaji, zai ce "ai da gani ka sani". Kuma nawa ya kashe a dusa da harawa da kowa kafin sallah? Ba a rubuce ba. Su yaran can littafi ake sa su riƙe, nauyin dabba, kuɗin abinci, kuɗin magani, duk a ciki, a ƙarshe yaro ya san riba yaci ko faɗuwa yayi.

Maman Sadiq:
Ni na ɗan zauna a can, abin da baku faɗa ba shine ranar ƙarshe. Bayan an gama gasar a bajekolin ƙaramar hukuma gwanjon dabbobin ake yi, kuma mahauta za su. 'Yar maƙociyata wata wajen 4 tana tashi da asuba ta ba ragonta abinci, ta wanke shi ta yi masa aski har suna ta sa masa, ranar da aka saye shi kuka ta dinga yi kamar an yi mutuwa, duk da kuɗin da ta samu ya fi na kasuwa sosai don masu kamfanoni da shaguna na garin kan ƙara farashi da gangan saboda yaran. Kace wa ƙanwarka ta fara shirya masa zuciya tun yanzu.

Na Kara:
Hajiya ai namu yaran ma suna wannan kukan ranar babbar sallah, anjima kuma ka gansu a bakin tukunyar suya.

Baban Ummi:
Hahaha Alhaji ka gama magana. Nagode jama'a, bari in kira ta, inaga yaron bai san da maganar gwanjon nan ba don jiya ma cewa yayi in yazo hutu da ragon zai taho.