Masu jiran Android 16: wa ya samu, kuma me ya canza?

Malamin firamare, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Tun watan Yunin 2025 Google ta saki Android 16, amma har yau in na shiga saitin na danna neman afdet, sai wayar ta ce mani wai tana kan na ƙarshe. Abu uku nike fata. Batir ya riƙa kai ni la'asar, saƙonnin guruf-guruf su daina cika mani sikirin, sannan in samu inda zan ɓoye manhajar banki, don yara na ɗaukar wayar su yi wasa. Wanda ya samu ya faɗa mamu abin da ya gani da idonsa, ban da abin da ya ji a bidiyo. In zaman jiran gawon shanu nike yi, gara in sani.

Ɗalibar jami'a, Batagarawa:
Wa alaikumus salam Malam. Tawa ta samu. Maganar saƙonni gaskiya ce, yanzu in manhaja ɗaya ta turo abu goma sai wayar ta tattara su wuri guda da kanta. Batir kuwa, kwanakin farko har tsoro na ji, wayar ta yi zafi ko ban taɓa ta ba, caji na zuba. Daga baya ta lafa, ta koma yadda take da. Ba ta fi da ba, ba ta kasa ba.

Hajiya mai atamfa da leshi, Layout:
Ni dai tawa matsalar wuri ce. Sana'ata duk a hoto take, kowace atamfa sai na ɗauke ta a ninke, a buɗe, a rana, a inuwa, don kwastoma ta ce launin bai yi daidai da wanda ta gani ba. Da afdet ɗin ya zo sai ya ce ba zai sauka ba sai na samar mashi wuri. Na zauna bayan isha'i ina ta gogewa, bidiyon biki, wa'azin da aka turo sau uku a guruf uku, muryoyin 'yan adashi. Ya sauka, na duba, wurin da ya rage bai kai na da ba. Ni da nike zaton zai share mani wayar ta yi sakayau.

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Sannunku. Hajiya, afdet ba ya ƙara wuri, ci ma yake yi. Abin da zai taimake ki shi ne abin da aka sa tun Android 15, inda za ki adana manhajar da ba ki cika buɗewa ba. Wayar za ta cire jikinta ta bar bayananki da tambarinta, ranar da kika danna ta dawo. Hotunan kaya kuma ki kwashe tsofaffin zuwa memori ko kwamfuta.

Malam, bari in yi maka bayanin jiran nan, don kullum sai an zo shago da shi. Google in ta gama Android, wayoyinta na Pixel take fara ba. Sauran kamfanoni sai kowa ya ɗauka ya ɗinka mashi tasa rigar: Samsung na da One UI, Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS. Sai sun gama, sun gwada a kan kowane samfuri, sannan su fara turawa, manyan wayoyi a gaba, ƙanana a baya, ƙasa bayan ƙasa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu da waya iri ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. Danna maɓallin nan safe da yamma ba ya matso da layinka.

Sannan ba kowace waya ce ke cikin layin ba ma. Kowane samfuri da adadin shekarun da aka yi mashi alkawari. Pixel 8 na 2023 da Galaxy S24 na 2024 shekara 7 aka ce. Galaxy A16 shekara 6. Amma da yawa daga cikin masu araha da muke riƙewa a nan, babban afdet ɗaya suke samu, wasu da Android ɗin da suka zo da shi za su mutu. Ka rubuta lambar samfurin wayarka ka bincika a shafin kamfanin, nan za ka san ko kana cikin lissafi.

Batir kuma kar ka sa rai sosai. Abin da ɗalibar can ta gani daidai ne, bayan babban afdet wayar na sake tsara manhajojinta a ɓoye, sai ta yi zafi ta sha caji kafin ta daidaita. Amma batirin da ya shekara uku yana shan zafin Afrilu, ana cajinsa a shagon caji a cikin tarin wayoyi, kusa da janareta, ya riga ya gaji. Jiya ma na buɗe wata, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, mai ita yana ce mani wai afdet yake jira ya gyara. Canjin batir kawai. In wayarka na da wurin tsayar da caji a kashi 80, kunna shi, yana ƙara wa batir kwana.

Direban Daura zuwa Kano:
Oga mai gyara ka faɗi gaskiya. Ni nawa ya zo, giga uku da wani abu. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba na wasa da giga. Na sayi ta dare, na sa ƙararrawa, na tashi na danna. Yana cikin sauka sabis ya yi ƙasa, ya tsaya cak, kafin ya ƙarasa lokacin datar dare ya wuce, ya koma cin ta rana. Da na ga an zo wajen girkawa kuma ya ce sai caji ya ƙaru, ga ba wuta. A mota na ƙarasa shi, a tasha, ina jiran lodi. Bayan duk wannan wahala abin da na fara lura da shi agogon sikirin ne ya canza fasali.

Ɗalibar jami'a, Batagarawa:
Baba direba ai ka samu sabon agogo, Allah ya sanya alheri.

Direban Daura zuwa Kano:
Amin 'yata, agogon giga uku.

Mai POS, Sabuwar Unguwa:
Malam, na ga ka ambaci manhajar banki, shi ya sa na shigo. An taɓa fizge mani waya da magariba ina bakin titi ina amsa kira, 'yan babur ne, kafin in juya sun sha kwana. Wayar a buɗe take lokacin, wannan shi ne tashin hankalin. Daren nan ban runtsa ba, ina ta neman yadda za a rufe layi da asusu.

Da na sayi wata sai na zauna na bi saitin ɗaya bayan ɗaya, ashe kariyar sata ba ta jiran Android 16. Tun Oktoban 2024 Google ta fara turo ta ta hanyar Play ga wayoyin da ke kan Android 10 zuwa sama. Ka shiga saitin, ka shiga Google, ka nemi wajen kariyar sata. Akwai wanda in wayar ta ji an fizge ta an ruga da gudu za ta kulle kanta. Akwai wanda in ɓarawo ya kashe data ya raba ta da intanet za ta kulle. Na uku shi ne ka ari wayar wani ka shiga android.com/lock ka sa lambar layinka, ta kulle daga nesa. Amma sai ka kunna su tun wayar na hannunka, kuma sai an tabbatar da lambar. Na gwada na ukun da wayar ƙanena a gida, yana danna tawa ta rufe.

Ɓoye manhaja kuma tun Android 15 akwai keɓaɓɓen wuri mai lambar sirrinsa daban. Masu Samsung suna da Secure Folder tun da daɗewa. Duba wayarka da kyau, mai yiwuwa abu ɗaya cikin ukun da kake jira yana aljihunka.

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Haka ne. Sai dai ƙananan wayoyi masu Android Go, wato Android ɗin da aka rage wa nauyi, ba su da wancan na fizgewa.

Ma'aikaciyar jinya, Rafindadi:
Mu masu iPhone namu a bayyane yake, rana ɗaya ake sakin shi ga kowa. iOS 26 ya fito 15 ga Satumba 2025, daga iPhone 11 zuwa sama. Tawa XR ce, ta tsaya a iOS 18. Na gan shi a wayar ƙawata, komai ya koma kamar gilashi, ita kanta sai da ta rage shi a saitin don rubutu ya fito mata sosai. Ban ji na rasa komai ba. Abin da nike sa wa ido shi ne ranar da WhatsApp ko manhajar banki za su ce sun daina da tawa, wannan ranar ce zan nemi kuɗin canji.

Ɗan sakandare, Dutsin Safe:
Yaya mai gyara, wani ya ce in kawo ya yi mani filashin ya sa mani Android 16 ko da kamfani bai turo ba. In kai?

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena, in wayar wasa ce da ba ka ajiye komai a ciki, ruwanka. In ita ce kake karɓar kuɗi da ita, kar ka kai. Sai an buɗe makullin da kamfani ya sa wa tsarin wayar kafin a sa irin wannan, buɗewar na goge komai, kuma manhajojin banki da yawa in suka gane an taɓa sai su ƙi tashi. Wani lokaci kyamara ta lalace, ko layi ɗaya ya daina kamawa. Ka shiga bayanin waya ka duba kwanan watan afdet ɗin tsaro, ka faɗa mani wace shekara ya nuna, sai in gaya maka ko wayar na da sauran tafiya.