Yini guda na kiɗa babu ganga ko ɗaya, me ke riƙe musu raujin?

Baƙon Tsauni:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da zuwana karatu jihar Virginia a Amurka, kuma jiya Asabar na fara zuwa bikin kiɗan gargajiyar mutanen wannan yanki. Abokin karatuna ne ya matsa mini. Fili ne a gindin tsauni, an kafa dandamali biyu, babba da ƙarami, kowa ya zo da kujerarsa ta naɗewa ko bargon shimfiɗa. Da hantsi muka isa, ba mu taso ba sai wajen sha ɗayan dare.

Rukunin farko mutum biyar ne. Mai jita, mai goge irin wanda ake ɗorawa a kafaɗa, mai wata 'yar ƙaramar aba da suka ce sunanta mandolin, mai wani ƙaton goge da ke tsaye a ƙasa ya kusa fin mai shi tsayi, sai mai banjo. Makirufo ɗaya tal a gabansu. Wanda juyinsa ya zo sai ya matso kusa da shi, yana gamawa ya ja baya wani ya shigo, babu mai karo da wani. Na zauna ina jiran a shigo da ganguna. Rukuni na biyu ya hau ya sauka, na uku ma haka, har rana ta faɗi ban ga abin bugawa ko guda ba. Amma kuma ƙafata ba ta huta ba tun safe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da la'asar ya faru. Hadari ya taso, aka yi ruwa mai ƙarfi, aka kashe wutar ƙaramin dandamalin. Wani dattijo mai goge da wata yarinya mai banjo, na ji ana cewa jikarsa ce, suka sauko ƙarƙashin rumfa suka ci gaba da abinsu babu lasifika. Mu kusan talatin muka matsu a kansu. Ina jin numfashin tsohon, ina jin ƙarar farcen yarinyar a kan tsirkiya. Can sai wata mata ta ajiye ɗan katako a ƙasa, ta hau tana rawa da tafin ƙafa kawai, jikinta na sama ko motsi ba ya yi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

To masana, me ke riƙe musu rauji tunda babu ganga? Sannan wannan banjon, fuskarsa kamar an rufe ta da fata, da na rufe ido sai na ji kamar gurmi ake kaɗawa. Kunnena ne ke ruɗa ni ko akwai dangantaka? Ina so in koma wani bikin kafin bazara ta wuce, a faɗa mini inda zan fi kasa kunne.

Mai Tsirkiya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi abin da nake so. Na daɗe a North Carolina, kuma ina ɗan taɓa jita, shi ya sa zan yi maka dogon bayani, ka yi haƙuri.

Gangar tana nan, rarraba ta aka yi wa masu tsirkiya. Wancan ƙaton gogen, bas, ba kasafai ake goga shi a wannan kiɗan ba, fincikar tsirkiyarsa ake yi da yatsa, dum, dum. A tsakanin kowane dum biyu mai mandolin yake yin sara: ya kaɗa tsirkiyoyinsa takwas gaba ɗaya, nan take ya sassauta yatsun hagunsa, amon ya mutu tun kafin ya miƙe, sai ka ji cak. Dum, cak, dum, cak. Abin da ƙafarka ta yini tana bi ke nan. Idan juyin mai mandolin ya zo na fitar da karin waƙar, mai goge ko mai banjo ne zai karɓi saran, don kada gurbin ya zauna babu kowa. In ka koma, ka ɗauki waƙa guda ka ƙi sauraron mai rerawa, ka bi saran kawai ka ga yadda yake yawo daga hannu zuwa hannu. Ni ranar da na fara gane wannan sai kiɗan ya zame mini sabo.

Kuma ka sani kiɗa iri biyu ka ji jiya. Na mutum biyar ɗin nan masu karɓa-karɓa shi ne bluegrass, kuma bai tsufa kamar yadda mutane ke zato ba. Bill Monroe, mutumin Kentucky mai kaɗa mandolin, shi ya kafa shi, sunan ma daga rukuninsa na Blue Grass Boys ya fito. Ya shiga shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville a 1939, kuma a ƙarshen 1945 wani saurayi mai suna Earl Scruggs ya shigo rukunin da salon kaɗa banjo da yatsu uku, sanye da 'yan farata na ƙarfe da roba, mai zubowa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Daga nan salon ya tsaya da ƙafarsa. Makirufo ɗayan da ka gani gadon wancan zamanin rediyo ne. Babu mai zama a na'ura yana ƙara wa wannan murya yana rage wa wancan, ƙafafunsu ke yin aikin: ka matso a ji ka, ka ja baya a ji ɗan'uwanka.

Na dattijon da jikarsa kuwa shi suke kira old-time, shi ne uban. A cikinsa babu wanda ke fitowa shi kaɗai ya nuna gwaninta. Kowa yana kaɗa karin tare, gaɓa biyu ce, a yi ta farko sau biyu, ta biyu sau biyu, a koma, har sai mai goge ya ɗaga ƙafarsa sama, alamar wannan zagayen ne na ƙarshe. Kiɗan rawa ne tun asali. Matar da ta hau katako ita ce makaɗiyar gangarsu a wannan lokacin.

Uwar Biyu:

Ɗan'uwa, kunnenka bai ruɗe ka ba. Yaya Mai Tsirkiya ya bar mini wannan ɓangaren, na gode.

Banjo 'ya'yan Afirka ne suka ƙera shi, bayin da aka kwashe zuwa tsibiran Karebiya da Amurka. Na farkonsa duma ne aka yanke, aka rufe da fata, aka soka masa sanda. Na yau yawanci roba ce a fuskar, an ɗaure ta da ƙarfe, amma ginin bai canja ba: tsirkiya a kan 'yar gada, gada a kan fata, shi ya sa kowane kaɗi yake zuwa da ɗan bugun ganga a ƙarƙashinsa. Ka lura da tsirkiya ta biyar, gajeriya, wadda ba ta kai ƙarshen wuya ba? Babban yatsa ne ke taɓa ta, amonta ɗaya ne daga farkon waƙa har ƙarshe. Mutanen Jola na Senegal da Gambiya suna da abin kiɗa mai tsirkiya uku, akonting, shi ma duma da fata da gajeriyar tsirkiya, kuma suna kaɗa shi da bayan farce zuwa ƙasa, babban yatsa ya biyo baya. Yadda yarinyar nan ta yi a gabanka ke nan, ƙarar farcen da ka ji.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka raba kayan da masu shi. Tun wajen shekarun 1840 fararen fata suka riƙa shafa baƙi a fuska suna hawa dandamali da banjo suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Wannan wasan ne ya yaɗa banjo a duk ƙasar, kuma yana cikin abin da ya sa jikokin masu shi suka guje shi. Har aka wayi gari mutum ya je irin bikin da ka je, ya duba hagu da dama bai ga mai kama da shi ba. Na san wannan zaman, na yi shi da 'ya'yana biyu a gefena.

Amma ana dawowa. A 2005 an yi taron baƙaƙen fata masu kaɗa banjo a garin Boone na North Carolina, a nan matasan da suka kafa rukunin Carolina Chocolate Drops suka haɗu. Suka riƙa zuwa gidan wani tsohon mai goge baƙar fata, Joe Thompson, suna ɗaukar karatu a wurinsa yana da shekara tamanin da 'yan kai. A 2011 suka ci babbar kyautar waƙa ta Grammy, shekara guda kafin tsohon ya rasu. Mawaƙiya Rhiannon Giddens daga cikinsu ta fito. Idan ka ga sunanta a jerin masu wasa na wani biki, kada ka bari ya wuce ka.

Ɗalibin Tarihi:

Ni a ganina dalilin rashin gangar a fili yake. Bayan tawayen bayi na Stono da aka yi a South Carolina a 1739, hukumar yankin ta yi doka a 1740 da ta hana bayi riƙe ganguna, don tsoron kada su kira juna da su. Da aka ƙwace ganga sai raujin ya koma ƙafa da tafi da tsirkiya.

Mai Tsirkiya:

Malam Ɗalibi, dokar gaskiya ce, kuma ta yi tasiri a kan rawar ƙafa da tafin jiki. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. Mutanen Sikotilan da Ailan da Ingila da suka zauna a tsaunukan nan da gogensu suka zo, kuma goge shi kaɗai yana ɗaukar rawar dare guda a falon gida. Haɗuwar gogensu da banjon 'yan Afirka ce ta haifi kiɗan, kuma a ɗaki ko baranda aka raine shi, inda ganga za ta danne kowa.

Baƙon Tsauni, tunda a Virginia kake, ka nufi garin Galax a watan Agusta. Tun 1935 ake taron masu goge a can, gasa ake yi a dandamali, amma ni abin da ke kai ni shi ne sansanin tantuna da dare, inda za ka tarar da da'ira bayan da'ira ana kaɗawa har asuba ta kusa. Ka tsaya a bayan da'irar, kada ka yi tafi da ƙarfi ana cikin kiɗa, don junansu suke sauraro. Kada ka yi mamaki in ka ji sun daɗe a kan murya ɗaya, wato matakin amo guda, mai banjo sai ya sake ɗaurin tsirkiya kafin a canja, shi ya sa suke ƙare waƙoƙin murya guda kafin su matsa. A ƙarshen Afrilu kuma akwai bikin MerleFest a garin Wilkesboro na North Carolina, wanda aka fara a 1988 don tunawa da Merle, ɗan makahon gwanin jita Doc Watson, da ya rasu a hatsarin tarakta a 1985. Babban taro ne na kwana huɗu. Ko a can ɗin, ƙananan dandamali na fi zama.

Baƙon Tsauni:

Allah ya saka da alheri, Yaya, da ke Anti, da Malam Ɗalibi. Na koma kan ɗan abin da na ɗauka a waya a ƙarƙashin rumfar, minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Na saurara sau huɗu, a na ƙarshe na kama gajeriyar tsirkiyar, tana nan tana ƙyal, ƙyal a ƙarƙashin ƙarar ruwan. Kuma dab da ƙarshe ga takalmin tsohon nan ya ɗago daga ƙasa, jiya ban san me yake nufi ba. Yaya Mai Tsirkiya, in Allah ya kai mu Agusta, wane dare ne da'irorin suka fi cika a Galax?